Martani: Lissafin Sola Ba Ya Aiki a Ƙarƙashin Bonet

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya, inda yake kira ga masu motoci da su yi bankwana da batirin dalma, wato batirin ruwa da muka saba da shi, su koma na litiyam da zarar wanda ke cikin motarsu ya mutu. Ya kafa hujja da cewa litiyam ya fi daɗewa har yakan kai shekara goma, ba shi da nauyi, manyan kamfanonin duniya sun koma gare shi, ita kuma dalma guba ce. A ganinsa duk mai sayen batirin dalma a yau araha ce ke ruɗarsa. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba, kuma akwai gaskiya a wasu maganganunsa. Amma shawara ce da idan direban haya ko ma'aikaci mai tsohuwar Corolla ya bi ta, zai kashe kuɗin da ba shi da su a kan abin da motarsa ba ta nema ba. Don haka, Malam, ka yi haƙuri ka saurare ni, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk lissafin da ka ɗora rubutunka a kansa lissafin sola ne. A ɗakin inbata, kullum rana ta cika batir, dare ya zuƙe shi, gobe a sake. Batirin dalma idan ana zuƙe fiye da rabinsa kowane dare ba ya zuwa ko'ina, shi kuwa litiyam nau'in LFP yana jure a zuƙe kashi 80 cikin 100 na wutarsa sau dubbai. A nan ba ni da ja. Duk wanda ya tambaye ni batirin da zai haɗa wa solar gidansa, in dai yana da hali, litiyam zan ce ya saya. Sai dai ka ɗauko wannan lissafi ka ajiye shi a ƙarƙashin bonet, alhali aikin da batir ke yi a wurin wani aiki ne daban.

Mu zauna mu lissafa. Idan ka murɗa makulli, kik ɗin ƙaramar motar fetur yana jan wuta kamar ampiya 200, na daƙiƙa biyu ko uku. Ɗauki ukun: 200 sau 3 ya ba da 600, a raba da daƙiƙa 3,600 da ke cikin awa guda, abin da ya fita daga batir bai wuce kashi ɗaya cikin shida na ampiya-awa (Ah) guda ba. A batirin da aka rubuta wa 60Ah a jiki, ko rabin kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Da injin ya tashi kuwa, altaneta ce ke karɓar ragama: ita ke riƙe fitilu da rediyo da na'urar sanyaya mota, ita ke mayar wa batir ɗan abin da ya bayar cikin 'yan mintuna. Ashe batirin mota mai lafiya kusan a cike yake rayuwarsa duka. To ina amfanin biyan kuɗin juriyar cikawa da zuƙewa sau dubu uku a wurin da ba a zuƙewa? Wannan kamar mutum ne ya sayi raƙumi mai jure ƙishirwar Sahara don ya riƙa kai hatsi niƙa bayan layi.

Abin da ke kashe batir a ƙasarmu zafi ne. Masu ƙera batura suna auna ƙarfinsu a kan digiri 25, kuma sanannen abu ne a wurinsu cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarƙashin bonet kuwa, kusa da injin da ya daɗe a cunkoson Kwanar Dangi ko titin Murtala Muhammad, ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cinye farantan dalmar da ke ciki. Shi ya sa batirin da zai yi shekara biyar a Jamus yake gajiya a shekara biyu a Kano. Na san za ka ce ai wannan hujja ce a gare ka. Da ta zama haka in da litiyam ba ya jin zafi. Amma ka ɗauki takardar bayanin kowane batirin LFP ka duba: yawancinsu suna iyakance zafin caji a digiri 45, wasu su kai 55 ko 60. Kuma babu abin da ke tsofar da ƙwayar litiyam da sauri kamar a bar ta a cike maƙil cikin zafi, wanda shi ne ainihin zaman da batirin mota ke yi kullum. Shekara goman da ka yi wa mutane alkawari ba a ƙarƙashin bonet na ƙasar Hausa aka auna ta ba.

Ba zan kawo hujjar sanyi ba, duk da ita ce Turawa suka fi yi wa litiyam ƙorafi a kai, domin ba a cajinsa idan sanyi ya kai ga daskarar da ruwa. Hunturunmu bai kai can ba, don haka wannan ba matsalarmu ba ce.

Matsalarmu ta fi yawa a wajen altaneta, kuma ko sau ɗaya ba ka ambace ta ba. Gaston Planté, Bafaranshe, ya ƙirƙiro batirin dalma a 1859, kuma tun da kamfanin Cadillac ya fito da mota mai tashi da kik a 1912, duk tsarin wutar mota a kan halin wannan batir aka gina shi. Halinsa kuwa shi ne haƙuri. Yana karɓar caji a hankali, idan ya kusa cika sai ya rage sha da kansa, idan wuta ta yi tsalle sai ya shanye. Ko yana mutuwa ba ya yanke kansa daga layi. Litiyam ba haka yake ba. Idan ya yi ƙasa, yana jan wuta iya abin da altaneta za ta iya bayarwa, ba sassauci. Ka ɗauka mota tana tsaye a go-sulo, injin yana juyawa a hankali, fankar altaneta ba ta samun iskar da za ta sanyaya ta, ga na'urar sanyi a kunne, ga batir yana ja da ƙarfi. Altanetar motar Kwatano da ta riga ta yi shekara goma sha biyar tana aiki ba za ta daɗe a haka ba.

Sannan kusan kowane batirin litiyam yana da ɗan allon lantarki a cikinsa, wanda ake kira BMS, mai gadin ƙwayoyinsa. Idan wuta ta yi yawa, ko zafi ya yi yawa, ko cajin ya yi ƙasa sosai, sai ya yanke batirin gaba ɗaya. Wannan alheri ne ga batirin, amma haɗari ne ga motar. Idan yankewar ta zo injin yana gudu, wutar da altaneta ke turowa ta rasa inda za ta zuba, sai ta yi tsalle daga volt 14 zuwa 30 ko sama da haka cikin ƙiftawar ido. Abin da ke kan hanyarta shi ne kwamfutar mota, wadda kanikawa ke ce wa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Ruwa neman ƙwaƙwalwar mota ya san kuɗinta, ya kuma san wahalar samun wadda za ta dace. Yaushe mai gadin nan yake yankewa? Lokacin da regiletar altaneta ta lalace ta fara tura sama da volt 15, abin da ba baƙo ba ne a tsofaffin motocinmu. Batirin dalma a irin wannan hali zai yi zafi, ya tafasa, ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai mota ya ji ya nufi gareji. Ya lalace, amma ya kare abin da ya fi shi tsada.

A nan ma zan roƙi 'yan'uwa masu gyaran wutar mota su daina wata al'ada: a tada mota, a zare kan batir injin yana aiki, wai don a ga ko altaneta tana caji. Irin wancan tsallen wutar ake jawowa da hannu. Ƙaramar mita mai auna volt ta wadatar, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Ka kawo sunan Tesla da Porsche. Gaskiya ne Tesla ta fara sa ƙaramin batirin litiyam a motocinta Model S da Model X a 2021. Amma motar Tesla ba ta da altaneta ko kik. Na'urar da ke cajin ƙaramin batirin an tsara ta ne musamman dominsa, kuma kwamfutar motar tana sane da halin da yake ciki a kowane lokaci. Ita kuwa Porsche, a 2010 ta fito da batirin litiyam na zaɓi ga motocin tsere irin su 911 GT3, mai nauyin ƙasa da kilo 6. Abin da ba ka faɗa ba shi ne, wanda ya biya kuɗinsa motarsa tana zuwa ne da batirin dalma, na litiyam ɗin a ba shi daban, ya ɗora idan zai shiga filin tsere. Kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam tun 1991. Yau sama da shekara talatin ke nan, kuma har yanzu sabuwar Corolla da batirin dalma take fitowa daga masana'anta. Hatta Prius da Nissan Leaf, masu ɗauke da manyan batura na zamani don tafiya, ƙaramin batirinsu na volt 12 na dalma ne. Waɗannan kamfanoni sun fi ni da kai sanin litiyam, kuma ba jahilci ne ya hana su ba. Inda kamfani ya ƙera mota da litiyam tun asali, a mayar mata da irinsa. Inda ya ƙera ta da dalma, mai shago ba zai sake mata tsari da sifana ba.

Maganar nauyi ba ta buƙatar dogon bayani. Batirin ƙaramar mota kilo 15 ne zuwa 20. A ce ka rage kilo 12 daga motar da ta haura kilo 1,200. Mai tsere zai ga bambanci a agogonsa. Direban da ke ɗaukar fasinja da buhunan masara daga Dawanau ba zai gan shi a gidan mai ba.

Sai kuɗi. Batirin litiyam na kirki, wanda aka yi shi don tada mota, yakan ninka na dalma sau uku ko fiye, kuma da dala ake shigo da shi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Kafin mai mota ya mayar da kuɗinsa, sai batirin ya rayu tsawon rayuwar baturan dalma uku a jere, a cikin zafin da muka ambata, ba tare da altaneta ta taɓa yin kuskure ba, ba a sace shi ba, ba a sayar da motar ba. Wa zai ba shi wannan tabbaci? Garantin da kamfani ya rubuta a Amurka ko Sin, a wane shago a Gusau zai je ya karɓe shi? Kuma mun san kasuwarmu. Da zarar abu ya yi suna, na jabu ke cika ta. Batirin dalma na jabu ƙarshensa ya mutu da wuri. Na litiyam na jabu kuwa, wanda aka cusa wa tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta ko waɗanda masana'anta ta yar, aka haɗa da allon gadi na banza, ƙarshensa na iya zama gobara. LFP na gaskiya ba ya saurin kamawa da wuta, na yarda. Amma mai saye ba ya ganin abin da ke cikin akwatin roba da aka liƙe.

Ka kuma tuna inda motocin nan suke bi. Mota ta mutu da dare tsakanin Potiskum da Damaturu. Idan dalma ce, kowane direba da ya tsaya zai iya haɗa maka waya ka tashi, kowane ƙauye mai tasha akwai mai cajin batir, kuma kafin ta kai ga haka ma batirin ya daɗe yana ba ka alama, kik yana jan ƙafa da safe. Litiyam yakan riƙe ƙarfinsa har kusan ƙarshe, sannan ya ɗauke lokaci guda, ko fitilar allon gaba ba za ta kawo ba. Na'urar cajin da ke shagon bakin tasha don dalma aka yi ta, kuma tana iya tura wutar da ta fi ƙarfin abin da litiyam ke ɗauka. Ga shi yawancin baturan litiyam na mota Ah ɗinsu bai kai na dalmar da suke maye gurbinsa ba, mu kuwa saboda rashin wutar NEPA mun mayar da mota wurin cajin wayoyin gida duka.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ta guba, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Mutumin Arewa ba ya buƙatar a koya masa sharrin dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yar Galma da Abare, saboda ƙurar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje. Wancan daga haƙar ma'adinai ne, ba daga batir ba, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira shi lafiya. A Ogijo ta jihar Ogun, inda masana'antun narka tsofaffin batura suka taru, bincike ya gano dalma a ƙasar gari da jinin mazauna. A garuruwanmu ma duk mun sha ganin ɗan gwangwan yana fasa batir da adda, ya tuntsurar da ruwan a kwata, hannu babu safa. Wannan abin kuka ne.

Sai dai maganinsa gyara hanyar da tsohon batir ke bi ne. Batirin dalma yana cikin kayan da aka fi sake sarrafawa a duniya. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 ake mayarwa masana'anta. Tarayyar Turai, wadda dokarta ta 2000 ta hana dalma a kayan mota, ta keɓe batir daga hanin. Tsohon batirin dalma yana da kuɗi, shi ya sa ba ka ganinsa a bola, mai shago ma yakan rage maka farashi idan ka bar masa shi. Mataccen batirin litiyam fa, wa ke sayensa a Kano? Ina za a kai shi? LFP ba shi da kobalt ko nikel da za su sa mai narkawa ya yi sha'awarsa, don haka juji zai nufa. Aikin da ke gabanmu shi ne matsa wa hukumar NESREA ta tsaya a kan masu narka dalma, mu kuma mu daina miƙa tsohon batir ga mai fasa shi a tsakiyar unguwa. Da ka sa alƙalaminka a nan, da ni ne na farko a bayanka.

Mai karatu da batirinsa ya fara gajiya, kafin ka sayi komai ka sa a auna maka. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. Injin yana aiki, a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Idan ya gaza 13 ko ya haura 15, altanetarka ce ba lafiya, kuma duk batirin da ka ɗora za ta kashe shi. Ka sa a duba ko akwai wutar da ke zuba bayan an kashe mota, musamman idan an haɗa maka rediyo ko na'urar tsaro a bakin titi. Sannan ka buɗe bonet ka duba da idonka. Sau da yawa abin da za ka tarar shi ne kan batir ya yi farin gari mai kore-kore, an cusa ƙusa tsakaninsa da maɗaurin da ya saki, an buga da dutse, shi kansa batirin an ɗaure shi da igiyar roba yana rawa a duk ramin da mota ta faɗa. Girgiza tana zubar da abin da ke jikin farantai. Batura da yawa da aka yi wa hukuncin mutuwa wannan ne ciwonsu.

Idan saye ya zama dole, ka ɗauki girma da Ah ɗin da littafin motarka ya faɗa, ka tabbatar kawunan suna ɓangaren da wayoyinka za su kai. Ka nemi ranar da aka ƙera shi, ka sa a auna shi a gabanka. Sabon batirin da ke nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a kan kanta. Ka karɓi rasit da garanti a rubuce. Motar da injinta ke mutuwa da kansa a danja ya sake tashi tana buƙatar nau'in AGM ko EFB, waɗanda su ma dalma ce, kuma wasu motocin Jamus irin su BMW sai an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabo. Wajen kwancewa a fara da baƙar waya mai alamar ragi, wajen ɗaurawa ita ce ta ƙarshe, kuma ban da sigari a kusa, domin batir yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. In mai murfi ne, a riƙa duba ruwansa a lokacin bazara, a ƙara tataccen ruwa kawai, ba ruwan leda ko na rijiya ba, ba kuma ƙarin asid ba.

Malam, ina roƙonka ka sake rubutu ka raba wa masu karatunka gida biyu, domin akwai waɗanda suka ɗauki maganarka da muhimmanci suna tara kuɗi. Ka ce musu litiyam na ɗakin sola ne da motar da aka ƙera da shi. Mai Corolla da Golf da Sharon da Hiace ya sayi batirin dalma mai kyau, ya gyara altanetarsa, ya ɗaure shi tamau, ragowar kuɗin ya sa wa motarsa taya.